Ranar da Hajiya ta sha shayi a a-kori-kurata

Mun wuce garin Laurel ke nan wata babbar mota ta gifta mu fuu, amma a-kori-kurata ko gezau.

Bara kuwa, ɗakin kwana mai taya da nake ja ya yi ta lilo a titi, har mahaifiyata ta ce ita da motar nan har abada. Na sa sandunan ƙarfe a mahaɗar motar da ɗakin, na mayar da kaya masu nauyi gaba, sannan na yi ta lallashin ta.

Yau ga shi ta madubi na hango ta a kujerar baya tana tsiyaya shayi.

"Auta, tsayawa muka yi ne?"

"Tafiya muke, Hajiya."

"To ƙara mana nisa. Allah ya yi maka albarka."

Har yanzu murmushi nake. Ku fa, wane gyara ya taɓa samo muku albarkar uwa?