Fuskarsa, Sunan Ƙanensa

Shekarun baya, tun auduga na da daraja a Funtuwa, na kamu da cutar tara katunan 'yan ƙwallo. Na fara da waɗanda ake samu cikin cingam, hotunan Turawan da ko sunansu ban iya karantawa daidai ba, don a aji biyu na sakandare na ajiye biro. Daga baya na koma tara na gida, wato katin rajistar ɗan wasa mai hoton fasfo da hatimi. Duk ƙungiyar da ta mutu tsakanin Funtuwa da Bakori da Malumfashi, ni ne magajinta. Kwanan nan ɗana ya nuna mini a waya wai a Amurka akwai wasan da ake dukan ƙwallo da sanda, kuma tsohon katin ɗan wasa guda kan yi kuɗin gida. Na ce masa nawa ko koko ba za su saya ba. Amma ya tuno mini da wani kati.

Na abokina ne, golan ƙungiyar unguwarmu. Ni ban taɓa iya ƙwallo ba, in na buga gabas yamma take nufa, shi ya sa aka lallaɓa ni da sakatare. Shi kuwa Allah ya ba shi. Filinmu tsakuwa ce zalla, ba safar hannu, amma haka yake zubewa kamar an shimfiɗa masa katifa. Mutane kan baro gona da fartanya a kafaɗa su tsaya bayan ragarsa, ba ruwansu da sauran 'yan wasan.

Wata shekara aka sa gasar matasa, aka ƙayyade shekaru. Abokina ya zarce da uku. Ni na kawo dabara, ban ɗora wa kowa ba. Na ce a ɗauko takardar firamaren ƙanensa. Ya ɗan yi gardama, wai sunan da aka yanka masa rago ba zai ajiye ba. Na ce masa suna ba ya tare ƙwallo. Da hannuna na rubuta sunan ƙanen, na manna hoton abokina da ƙaro, aka buga hatimi.

Muka ci kofi. A wasan ƙarshe ya tare fenareti biyu. Da rediyo ya faɗi sunan ƙanen muka yi ta dariya, don a ranar yana can Mahuta yana ɓarar masara, bai ma san an yi ba.

Ba a shekara biyu ba gwiwar abokina ta goce a wani wasan banza na share fage. Mai ɗori ya yi iya yinsa, ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa. Ya ƙare a gadin sito a kasuwar hatsi, yana korar awaki da sanda.

Sai da gemunmu ya yi fari wani mai neman kujera ya tuna da mu. Ya ce zai karrama waɗanda suka ci kofin nan, kowa takardar yabo da babur. Sunayen kuwa daga tsohuwar takardar gasar aka kwafo. Abokina ya jawo ƙafa har shagona.

“Sakatare, katin nan yana wurinka?”

Na ce yana nan.

“Ba babur ɗin ne ya dame ni ba, da wace ƙafa zan hau? Yarana sun ɗauka ƙarya nake yi musu. So nake a kira sunana a lasifika sau ɗaya suna ji.”

Na ɗauki katin na kai wa shugaban kwamitin. Ya gane fuskar sarai, don shi ma yana cikin masu tsayawa bayan raga a da. Ya miƙo mini abina ya ce in ya karɓi wannan, to na ba da shaidar kofin na sata ne, sai dai a soke taron gaba ɗaya. Kafin la'asar tsofaffin 'yan wasa sun cika ƙofar gidana. Kyaftin ɗinmu, da ciwon suga ya ci masa yatsu biyu, ya ce shekara talatin ba wanda ya waiwaye su, yanzu da miya ta nuna zan sa ƙafa in kifar.

Na je wurin ƙanen. Ya saurare ni har na gama, ya ce, “Ranar da kuka ɗauki sunana kun tambaye ni?” Na sa takalmina na fito.

Ranar taron ina zaune kan benci kusa da abokina, katin na aljihuna. Na yi niyyar in an zo kansa in miƙe in ɗaga. Aka kira sunan ƙanen, mai lasifika ya yi ta zuba kirarin fenareti biyu, mutumin da bai taɓa sa takalmin ƙwallo ba ya fito da babbar riga. Na dubi kyaftin, na dubi 'yan sanda, ni da ke da lafiyar ƙafa na ci gaba da zamana. Abokina ya tafa tare da jama'a. Da aka watse ya dafa kafaɗata zai miƙe, ya ce, “Rubutunka na da kyau, Sakatare. Ba ya goguwa.”

Ƙanen ya aika masa da babur ɗin gida, ya riƙe takardar. Abokina ya sa aka mayar. Bai sake tayar mini da zancen ba har damina uku, har Allah ya karɓi abinsa. Da ma zagina ya yi.

Masu cewa lokaci na warkar da komai ba su taɓa yin ƙarya da hatimi ba. Wadda ka yi da baki tana mutuwa da waɗanda suka ji. Wadda ka rubuta kuwa sai ta binne ka, ta ci gaba da yawo. Na yi ta don mu ci wasa ɗaya, ta cinye masa abu ɗaya tak da ya taɓa yi a duniya.

Ranar sadakar uku na ja babban ɗan abokina gefe na nuna masa katin, ko zan rage nauyi. Ya daɗe yana kallon saurayin da ke jiki. Da ma abokina da ƙanensa suna kama a ƙuruciya.

Ya mayar mini da hannu biyu, cikin ladabi, ya ce, “Baba, wannan ai Baffa ne. Ga sunansa nan.”