Raket Uku da Gwiwar Hannuna

Shekarar da na ajiye aikin gwamnati, gwiwar hannuna ta dama ta fara ciwo. Da farko sai na tashi daga wasan tanis take zogi, daga baya har ɗaukar buta ya zama aiki. Likita ya ce ko in bar wasan, ko in canza raket, wato abin buga ƙwallon, domin wanda nake riƙewa ya yi tauri, duk bugun da na yi a hannuna yake ƙarewa.

Abokin wasana ɗan kasuwa ne mai sayar da shadda, mutumin Unguwar Rogo, Alhaji nake ce masa. Tun gashinmu na baƙi yake biyo mini gida a unguwar Minanata kowace Asabar bayan asuba, mu tafi wani filin siminti a hanyar Kwalkwalawa mu yi wasa kafin rana ta ɗaga. Na gaya masa maganar likita. Bayan wata guda ya dawo daga saro kaya da raket biyu masu laushi, ya haɗa da wani tsoho na katako da ya tono a ɗakin ajiyarsa, ya ce in gwada in zaɓa.

Na farko baƙi ne siriri, mai ɗan nauyi. In ƙwallo ta sauka a kansa sai ka ji ya ɗan lanƙwasa ya riƙe ta, kamar ka tara hannu ka karɓa sannan ka miƙa inda kake so. Gwiwata ba ta ce uffan ba. Amma ba ya ba ka ƙarfi ko kaɗan, sai abin da ka zo da shi daga gida. Kafin rabin sa'a kafaɗata ta mutu, ƙwallayena suna faɗuwa tsakiyar fili.

Na biyu fari ne mai faɗin fuska, ba nauyi. Laushinsa bai kai na baƙin ba. Ko ka buga a karkace yana yafe maka, ƙwallo ta haye raga. Sai dai ban taɓa sanin inda ta taɓa shi ba, hannuna ba ya jin labari, kuma sau da yawa ta wuce layi ina kallo. Alhaji shi ya fi so. Ya riƙa murza igiyoyinsa da babban yatsa yadda yake murza shadda, yana cewa a shekarunmu abin da ke yafe kuskure ake nema.

Na katakon kuwa, bugu uku na yi na ajiye. Ya fi su duka daɗi a hannu, amma nauyinsa na samari ne.

Asabar uku muka yi muna wannan gardama. Mu buga kaɗan, mu yi musaya, mu zauna mu huta, hutun ya fi wasan tsawo. Na lura Alhaji yana yawan tsayawa gyara igiyar takalmi, ban kawo komai a raina ba.

A ta huɗu ina riƙe da baƙin. Alhaji yana can ƙarshen fili, sai na sassauta hannu na ajiye masa ƙwallo daf da raga, daidai inda na nufa. Na daɗe rabona da iya wannan bugun. Ya taso da gudu, taku uku ya tsaya, ya dafa gwiwoyinsa, sannan ya zauna a kan siminti. Na zagayo na same shi yana haki, fuskarsa ta canza.

Da numfashi ya dawo masa ya ce, “Malam, ni kam na gaji. Likita ya hana ni wanga wasa tun kahin azumi. Zuciya ta.”

Na tambaye shi me ya sa ya ɓoye mini, kuma me ya kai shi sayen raket yana sane da haka.

“In ka bari, ni ma na bari, mi mu kai da Asabar?”

Ni na tuƙo motarsa muka dawo. A ƙofar gidansa ya tura mini raket ɗin duka uku, ya ce in tafi da su, ganinsu yana ɗaga masa hankali.

Baƙin na riƙe. Har yanzu Alhaji yana biyo mini, sai dai a benci yake zama da shayinsa. Ina wasa da wani malamin jami'a da a shekaru ya kusa zama ɗan cikina. Yana da ladabi, yana rage ƙarfin bugunsa saboda ni, ina kuma gane hakan. Gwiwar hannun ta yi sauƙi, gajiyar ce ta koma ko'ina.

Makon da ya wuce mun isa filin, Alhaji ya kashe mota, ba wanda ya buɗe ƙofa. Mun ɗan zauna muna kallon ragar da ta saki a tsakiya. Can ya ce akwai mai tuyar masa a bakin hanya da ke fitowa da wuri. Na ce mu je.