Manhajar Gida da ta Hannun Wani

Shekara ashirin Malam Maiwada, ɗan makiyayan Jangeru, yana tsaron bayanan ɗalibai a wata makarantar Kaura Namoda. Ba ya yarda da abin da bai san makwancinsa ba.

Bana, wata masaniyar kwamfuta, Anisa, ta zo rarraba manhajojin kwamfutocin makarantar, ta haɗa masu ajiya a ofis da masu ajiya a intanet rukuni ɗaya. Maiwada ya katse intanet, ya gwada kowacce. Wadda ta buɗe ya rubuta "ta gida", wadda ta ƙi kuwa "tana hannun wani".

"Baba, amintaccen kamfani ke tsaronsu," in ji Anisa.

"Haka aka ce wa tsohona, ɗiyata, da ya ba da shanunsa kiwo. Igiya kaɗai ta dawo."