Matar da Ta Ƙi Goge Tabon Baba Mai Walda

Kullum ita ke riga kowa isa shagon ɗaukar hoton. Ba ta ƙofar gaba take shiga ba, inda aka jera hotunan amare a bayan gilashi. Ta lungun baya take bi, ta tsallake ruwan mai wankin mota, ta buɗe wani ɗaki da bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Ta ja baƙin labulen taga, ta goge allon kwamfuta da gefen mayafinta, ta sa tabarau, sannan ta zauna ta ɗan dakata kafin ta taɓa komai. Takan ce idon da ya shigo daga rana ƙarya yake yi wa mai gyaran hoto, sai an bar shi ya huce. Shekara ashirin da huɗu ke nan tana wannan zama, tun zamanin da ake wanke hoto a ruwan magani har aka koma kwamfuta. A duk shekarun nan ba a taɓa buga sunanta a bayan hoto ko ɗaya ba. Hatimin mai shagon ake bugawa.

Shi mai shagon ne ma ya laƙaba mata Mai-inuwa, kuma da ba'a ya yi. Wai kowa na neman a haska shi, ita tana neman inda za ta ƙara duhu. Ba ta taɓa jin haushin sunan ba. Idan aka tambaye ta, sai ta ce fuska ba bango ba ce da za a shafe ta da farin fenti tun daga sama har ƙasa. Haske na goshi ne da karan hanci da tudun kunci. Inuwa kuma ta ƙarƙashin haɓa ce da gefen hanci da kwarmin ido. Ka kwashe inuwar, ka kwashe mutumin, sai faranti mai ido biyu.

Yadda take aiki ma daban ne. Ba ta taɓa ainihin hoto. Sai ta ɗora masa wani shafi a sama, kamar an shimfiɗa leda mai garau, a kan wannan ledar take bi da ɗan burushin kwamfuta, nan ta ɗan ɗaga haske, can ta ɗan danne, kaɗan-kaɗan kamar mai sa kwalli. Asalin yana ƙasa, lafiyarsa ƙalau. Kuma duk hoton da ya ratsa ɗakin nan, sai ta adana asalinsa a wata 'yar baƙar ma'ajiya ta kwamfuta da take yawo da ita a jaka. Mai shagon ya sha cewa tara shara take yi. Takan ce masa, to, sharar a jakarta take, ba a tasa ba.

Shekara uku da suka wuce, wani magidanci ya kawo hoton mahaifinsa a waya, yana so a faɗaɗa a sa a firam don falo. Mahaifin nasa tsohon mai walda ne, unguwa duk Baba mai walda ake ce masa. Baƙi ne wuluk, da tabon ƙuna a kuncin hagu inda tartsatsi ya taɓa samun sa, idon wannan ɓangaren kuma ya ɗan kanne. An ɗauki hoton yana zaune ya ba taga baya, don haka fuskar ta nutse a duhu. Ɗan ya ce a haska tsohon, a goge tabon, a ɗan rage masa shekaru, domin baƙi za su riƙa gani. Mai-inuwa ta ce za ta fito da fuskar daga duhu, amma tabon ba za ta taɓa shi ba, shekara arba'in mutumin yana ɗauke da abinsa. Mai shagon ya yi dariya ya ce wa ɗan kada ya damu, Anti ce, haka take da tsohon yayi. Ya karɓi wayar, ya danna wata manhaja sau biyu, sai ga wani farin dattijo mai sumul ɗin fuska kamar an goge shi da dutsen guga. Ɗan ya yi murna, aka sa a firam. Ita dai ta adana asalin a jakarta.

A bana ne mantuwa ta kama Baba mai walda sosai. Wata safiya ya saka takalmi ya ce zai je ya buɗe shago, shagon da aka rufe shekara goma. Bai dawo ba. Ga shi yana da ciwon suga, maganinsa na kan tebur a gida. Wayar da aka ɗauki hoton da ita ta daɗe da lalacewa, kuma tsohon ba mai son tsayawa gaban kyamara ba ne, don haka hoton falo kaɗai iyalin ke da shi. Shi aka ciro aka yi takardar cigiya, aka yi fotokofi, aka manna a tashoshi da kasuwanni da ƙofofin asibitoci. Kwana huɗu, ko waya ɗaya mai amfani ba a samu ba.

Rana ta biyar da safe, autar tsohon ta zo shagon fotokofin da ke jikin nasu don a ƙara buga takardun. Mai-inuwa ta fito karɓar wani aiki, idonta ya faɗa kan takardar da na'ura ke tofowa. Ta ɗauki ɗaya ta duba. Fotokofi ba ya riƙe launin tsaka-tsaki, abin da ya yi haske sai ya mai da shi fari fat. Fuskar da aka riga aka haska ta narke cikin takardar, ba abin da ya rage sai ido biyu da ramukan hanci da hula.

"'Yata, wa kuke nema da wannan?"

Yarinyar ta ce babanta, sai hawaye.

"Na san babanki. Wannan ba shi ba ne. Ko ke kika wuce shi a hanya da wannan takardar a hannu, sai kin yi shakka. Biyo ni."

Mai shagon ya tare ta a ƙofa, ya ce akwai hotunan biki har kashi uku da za a karɓa kafin la'asar, kuma ai hoton ya riga ya fita daga hannunsu tun tuni. Mai fotokofi, wanda ya ji da kunnensa, ya ce bai taɓa jin ta ɗaga wa mai shagon murya ba, kuma ran nan ma ba ta ɗaga ba. Cewa kawai ta yi, "Oga, amaren nan kowa ya san inda suke. Su jira."

Ta zaro 'yar ma'ajiyarta, ta lalubo asalin. Kusan baƙi ne gaba ɗaya, sai hasken taga a bayan kai. Mai gaggawa da sai ya ja hasken hoton duka sama, fata ta koma toka-toka, a sake komawa gidan jiya. Ita kuwa ta fara da mai da hoton baƙi da fari, tunda a haka zai je bango. Ta danne hasken tagar har ya daina cin ido. Sannan ta zo kan fuskar, ta ɗaga duhun a hankali har kamanni suka fara leƙowa, ta tsaya daidai inda fatar ke nan baƙa kamar yadda Allah ya yi ta. Daga nan sai aikin burushi. Ta sa haske a ɓangaren hagu, inda tabon yake, ta bar ɓangaren dama a inuwa, yadda duk wanda ya kalli takardar idonsa zai fara sauka a kan tabon da kannannen idon. Ta fito da furfurar gira ɗaya bayan ɗaya. Ta zurfafa layukan da suka sauko daga hanci zuwa baki.

Autar na zaune a gefenta a kan bokitin fenti da aka kifa. Mai-inuwa ba ta tambaye ta yadda take so hoton ya fito ba. Tambayarta ita ce yaya fuskar Baba take idan ya gaji, wane gefen baki ne ke sauka. Da yarinyar ta ce ya rame tun bara, ko za a ɗan rage masa kumatu, sai ta ce a'a, ba za ta ƙirƙiri abin da ba ta gani ba, ƙirƙira ce ta kawo su nan. Inuwar da ke ƙarƙashin kuncin kawai ta ƙarfafa, wadda dama tana cikin hoton.

Sau uku tana bugawa tana kai wa mai fotokofi ya gwada, tana komawa tana gyarawa. Ya ce, Anti, wannan baƙin naki zai shanye masa tawada. Ta ce ai tawadar da ya yi kwana huɗu yana tanadi ce ta hana a ga mutum. A karo na uku takardar ta fito, autar ta kalla, ta dafe baki ta zauna a ƙasa. Babanta ne, kamar zai buɗe baki ya ce a miƙo masa ƙarfe.

Kafin azahar 'yan'uwa suka bazu da sababbin takardu. Kafin la'asar waya ta shigo daga wata tashar mota a can ƙarshen gari. Wata mai sayar da abinci ce. Kwana uku ke nan wani tsoho na zaune a bayan rumfarta, tana zuba masa abinci, yana ce mata yana jiran yaransa su kawo injin walda. Tsohuwar takardar cigiyar kuwa tana manne a jikin turken rumfar tata, taku uku daga inda yake zama. Da aka tambaye ta yadda aka yi ba ta gane ba, sai ta ce, "Na duba mana, har sau nawa. Na jikin takardar fari ne, kuma bai kai wannan tsufa ba. Ina tabon? Da na ga tabon ai da tuni yana gida." Likita ya ce da an ƙara kwana ɗaya ko biyu ba magani, da labarin ya sha bamban.

To, a nan ne raina ke ɓaci. Kwana uku bawan Allah na zaune a gindin hotonsa, hoton bai san shi ba. Ba don an rasa kyamara ba, sai don mun mai da baƙar fata abin da ake gyarawa, kamar tsatsa a jikin ƙofa. Kuma da aka gan shi, wa aka gode wa? Babban ɗan, wanda da bakinsa ya ce a goge tabon, ya zo da abokansa ƙofar gaba ya rungume mai shagon. Mai shagon, wanda da yatsansa ya goge tabon, ya ɗora hotunan biyu a shafin shagonsa na intanet, ya rubuta cewa ƙwarewar shagonsu ce ta mayar da uba ga iyalinsa. Bai faɗi wanda ya yi na farkon ba, bai faɗi wadda ta yi na biyun ba. Tana ɗakin baya a lokacin, tana gama hotunan amaren da aka ce su jira. Kuma wata biyu bayan haka ya ce mata idonta ya fara rauni, aikinta na cin lokaci, manhaja na yin na yini guda a minti ɗaya, gara ta huta. Ƙarshen watan nan za ta bar ɗakin. Ba taro, ba ko takardar godiya.

Mai-inuwa, ke ce kika zauna shekara ashirin da huɗu a bayan baƙin labule don fuskokinmu su fito da kamanninsu. Ke ce aka yi wa dariya don kin ce tabo ma na mutum ne. Ke ce kika ajiye abin da kowa ya ce shara ne, ranar da aka rasa mutum a cikin sharar aka same shi. Mai-inuwa, mai mayar wa fuska da mai ita, idon naki da aka ce ya yi rauni ya ga abin da masu lafiyar ido suka wuce.

Autar ce kaɗai ta bi ta lungun baya. Makon jiya ta zo, ta tsallake ruwan mai wankin mota, riƙe da hannun babanta. Tsohon ba ya gane mutane sosai yanzu, wani lokaci har 'ya'yansa sai ya tambaye su daga ina. Yarinyar ta zo da hoton falo a firam ɗinsa, tana so a cire a sa sabon. Mai-inuwa ta jera su biyun a kan tebur, ta ɗan ɗage labule don haske ya shigo. Tsohon ya daɗe yana kallo. Ya nuna na firam ya tambayi 'yarsa, wannan baƙon wane ne, ya ga ya daɗe a gidansu ba ya magana. Sannan ya ɗora yatsa a kan ɗayan, daidai kan tabon, ya shafa nasa kuncin.

"Wannan ni ne," in ji shi. "Ranar ina gyaran ƙofar makaranta."

Mai-inuwa ta cire tabarau ta goge, ta ce ƙurar ɗakin nan ta yi yawa.

Anti, mun gode. Allah ya saka miki, ya ƙara wa idonki haske, ya sa hutun ya zame miki alheri ko da ba ke kika zaɓe shi ba. Ku kuma matasa masu gyaran hoto a waya da kwamfuta, kafin ta tattara jakarta ku bi lungun nan ku tambaye ta inda ake sa haske da inda ake barin duhu, kuma ku koyi ajiye asali. Mu masu kai hoto, duk ranar da bakinmu zai ce a ɗan haska mu, mu fara tambayar kanmu ko da wannan hoton 'ya'yanmu za su iya nemo mu.