Tudun da Mikiyoyi Ba Sa Tashi

Rula Haddad ba ta taɓa riƙe mikiya da hannunta ba, amma ta san hanyar dubbansu. Masu bincike a ƙasashe daban-daban suna ɗaura wa tsuntsaye 'yar na'ura a gadon baya, na'urar tana aiko da labarin inda suke, kowane saƙo ɗigo guda. Ita kuwa Rula, a ofishinmu na Bairut, tana tattara miliyoyin ɗigon nan a kwamfuta ta fitar da taswira. Teburina yana kallon nata.

Wata rana da kaka ta haɗa bayanan shekaru da yawa wuri guda, sai ta ga mikiyoyi suna sauka kan wani tudu a yankin Akkar, daga nan ba sa sake motsi. Tudun yana bayan ƙauyensu. Duk ƙauyen kuma ba wanda ya kai yayanta Nizar iya harbi.

Shugabanmu ya ce a aika wa hukuma rahoto. Rula ta roƙi a dakata mata, ta hau mota.

Ta sami Nizar a gindin zaitun yana goge bindiga.

"A'a, likitar tsuntsaye! Yau an tuna da ƙauyawa?"

"Yaya, kana hawa tudun baya?"

"Kullum. Sai aka yi yaya?"

Ta miƙa masa wayarta. Ya daɗe yana kallon jajayen ɗigon, fuskarsa na canzawa.

"Wato ni kika zo kamawa? Ni da na goya ki zuwa makaranta?"

"Tambaya na yi, Yaya."

"Tashi mu je."

Ya saɓa bindiga ya yi gaba. Ta bi shi. Idan ta ga harsashi a jikin tsuntsu, ba ta san abin da za ta rubuta ba.

Wayar ta kai su gindin wani turken lantarki. Ga wata mikiya nan kwance cikin ƙaya. Nizar ya juya ta da ƙafa, sannan ya tsuguna ya buɗe fukafukan. Babu ramin harsashi. Ƙafafun ne suka ƙone ƙurmus. A turke na gaba suka tarar da ƙasusuwa, na gabansa ma haka.

"Allah mai iko," in ji shi a hankali. "Nan nake wucewa, ban taɓa duba ƙasa ba."

Ta buɗe baki za ta ba shi haƙuri, ya ɗaga mata hannu ya sauka shi kaɗai. Ranar bai ci abinci a gida ba.

Da ta dawo, ta ɗora taswirar turakun lantarki kan hanyar tsuntsayen, sai ga irin tudun nan a wasu ƙasashe ma. Kamfanin wuta ya yi ta jan ƙafa kafin ya lulluɓe wayoyin da roba. Tsakaninta da Nizar kuwa, har yau mahaifiyarsu ce ke kai saƙo.