Takardar da Ba Ta da Suna

Har na ajiye aiki ban manta da wata Laraba ta cikin damina ba, muna duba takardun jarrabawar kammala sakandare a nan Minna. Lokacin ina koyar da tarihi, ina cikin ƙananan masu dubawa. Ga waɗanda ba su san tsarin ba, ana ba kowa ƙunshin takardu da jerin amsoshin da aka amince da su, kowace amsa da makinta. Lamba kawai muke gani, ba suna. Shugabar rukuninmu, Madam Rifkatu, ita ke sake bin abin da muka duba.

Tambaya ta huɗu ta ce a bayyana yadda mutanen Holan suka kafa zango a ƙarshen kudancin Afirka, da yadda ya bunƙasa. Wani ɗalibi, ko ɗaliba, ya rubuta cewa da farko lambu kawai suka yi don jiragen ruwa su sami ganye da ruwan sha, daga baya aka sallami wasu ma'aikata suka yi gonaki, gonakin suka cinye makiyayar mutanen wurin. Daga nan sai ya saki tambayar. Da Turancinsa mai tsalle-tsalle ya rubuta cewa littafi bai faɗi inda makiyayan suka koma ba. Ya ce su ma an tashi ƙauyensu tun yana goye, suna zaune a Maikunkele, kuma kakarsa har yanzu idan ta yi salla takan kira sunayen gonakinsu ɗaya bayan ɗaya. Ya cika shafi guda da sunayen.

Da na haɗa makinsa, ɗaya ya rage ya ci. Na ɗauki takardar na kai wa Madam.

Ta karanta har ƙarshe, ta cire tabarau. "Malam Sabi'u, wannan shafin ba ya cikin jerin amsa."

"Na sani, Madam. Amma ya fahimci darasin fiye da waɗanda suka haddace."

"Ba zan ba shi maki a kan kakarsa ba," in ji ta. "Koma sama ka sake karantawa a hankali. Idan akwai haƙƙinsa da ka tsallake, ka ba shi."

Na koma. A layi na shida ya ambaci bayin da aka kawo daga gabas don aikin gona, ni kuma na wuce ban gani ba. Maki biyu ne. Madam ta sa hannu.

Shekaru na yi ina duban fuskokin matasa idan na bi ta Maikunkele, ina tunanin ko shi ne mai keken da ya ɗauko ni, ko ita ce mai ba da magani a asibiti. Ina so in tambaya ko kakar ta sake ganin gonakin. Ban taɓa samun wanda zan tambaya ba.

Ku da kuke dubawa yanzu, kada ku ƙara wa kowa maki don tausayi. Amma duk takardar da ta sa kuka dakata, ku sake karanta ta tun daga layin farko, don mai ita ba zai taɓa zuwa ya nuna muku abin da kuka tsallake ba.