Layin da Ya Ja a Kan Sunana

Me zai ragu a jikin mutumin nan da ya bar sunana yadda yake? Maigidana nake nufi. Shekara guda ke nan da rasuwarsa, har yau ban samu amsa ba. Ban iya rubutu ba. Ina faɗa ne matar ɗana tana rubutawa, in kuka ya zo mu dakata.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne a arewacin birnin Tawa. Cikin sa'o'in maigidana shi kaɗai ya yi lakwal, wato makarantar boko, saboda haka duk wata takardar Faransanci hannunsa take biyowa. Yana da wani littafi mai baƙin bango wanda ya rubuta kowa da kowa na garin a ciki, gida gida. In an yi haihuwa ya ƙara, in an yi rasuwa ya ja layi. Da samari suka fara watsewa Libiya da Aljeriya da wurin haƙar zinariya, sai ya ƙaro doka: duk wanda ya yi damina uku bai kwana a garin ba, shi ma a ja masa. Yakan ce hukuma masu shan ruwan rijiya take tambaya, ba masu aiko da gaisuwa ba.

Ɗanmu na fari ɗan kasuwa ne a Dubai. Da matarsa ta zo haihuwa ya ɗauko ni, aka ce wata uku zan yi. Haihuwa ta bi haihuwa, na shekara huɗu a unguwar Al Warsan, a hawa na biyar, ina kallon rufin ɗakunan ajiyar kaya ta taga.

Sai ciwon ƙirji ya kama Malam, maigidan nawa, aka kawo shi nan magani. Na yi murna har na ji kunyar kaina. Na ce yanzu zan same shi ni kaɗai.

Ashe da littafin ya zo. Kullum da hantsi sai ya sa a kira masa gari. Wa ya haihu? Gidan wa aka rufe? Yara nawa suka rage a aji? Tsofaffin da suka rage su karɓi wayar ɗaya bayan ɗaya, yana dariya har tari ya sarƙe shi. Ni da na dama kunun, ina tsaye da kofi har ya huce. Na ji haushin mutanen nan, Allah Ya yafe mini. Su ba su yi masa komai ba, zama kawai suka yi, amma su ne ake tambaya ko sun tashi lafiya.

Abu ɗaya na sani a boko, shi ne siffar sunana, don ya taɓa nuna mini muna da ƙuruciya. Ran nan yana wanka na buɗe shafin gidanmu. Ga shi nan, an ratsa shi da jan biro, miƙe sarai.

Da ya fito na ce, “Malam, ashe na mutu ban sani ba?”

Ya ce, “Wa ya aike ki bincike, Hajiya? Damina huɗu fa. Har ɗaya na ƙara miki.”

“Makauniyar nan ta bakin kasuwa tana ciki, ni da na haifa maka bakwai ba na ciki?”

“Ita tana can. Ke kina nan kina cewa yalla, yalla irin na Larabawa.”

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Kwana biyu ina ajiye masa abinci ban ce komai ba. Da na san kwanakin da suka rage, da ban zubar da biyun nan ba.

Yanzu littafin ya koma gari, yana hannun malamin lakwal. Maigidana kuwa a nan aka binne shi, kuma ɗana ya ce ba zai bar ni in koma gidan da babu kowa ba.

Ranar ƙarshe a asibiti, bayan azahar, na sunkuya na roƙe shi. Na ce ya mayar da ni, ko da ƙaramin rubutu ne a gefe. Ya daɗe yana kallona, ya kama bakin mayafina.

Ya ce, “Ki je ki kwana ɗaya a ɗakinki na gari, Hajiya. Da safe ki ce ni na ce a rubuta ki.”